Yadda ake kwance Glock 19 domin tsaftacewa

Kafin a taɓa komai, a zare gidan harsashi, a ja murfin sama mai zamewa baya, sannan a duba ramin harsashi da ke bayan bututun bindigar da ido, a kuma zura yatsa a tabbatar babu komai, domin wannan ƙaramar bindiga ta ƙasar Ostiriya ba ta kwancewa sai an danna kunamarta. A nan ne gaggawa take jawo hatsari. Harsasai ma a kai su wani ɗaki.

A saki murfin ya koma gaba, a juya bakin bindigar inda babu kowa, a danna kunama. A ja murfin baya kamar milimita 3, a ja maɓallan gefe biyu ƙasa tare, sai murfin ya zame gaba ya fita. A ɗaga sifirin da ke cikin murfin a cire shi, a zaro bututun.

A goge cikin bututun da buroshi daga baya zuwa baki, a bi da ƙyalle har ya fito fes. Mai kaɗan ya isa, ɗigo a kan hanyoyin zamewa da wajen bututun. Kada ya shiga ramin allurar bugu, wato ƙarfen da ke dukan harsashi, don yana tara ƙura. A mayar da sassan bi da bi, a ja murfin sau biyu ko uku a ji yana tafiya lafiya.