Yadda ake sayen kwikwiyon karen garke a Kumasi

Da zarar Layya ta ƙarato, ɓarayin raguna sun fara yawo, sai ka ji masu kiwo a Aboabo da Asawase suna neman ƙaton kare. Addini ya yarda a ajiye kare don gadin dabbobi ko gona. A wajen sayen ne mutane ke tafka asara.

Fara da zaɓen iri. Kangal daga yankin Sivas na Turkiyya ya fito, gashinsa gajere, namijin kan haura kilo 50. Tun 1994 makiyayan Namibiya ke sa danginsa gadin awaki, ka ga ke nan zafi bai dame shi sosai ba. Wanda masu talla ke kira Caucasian kuwa ɗan ƙasar ƙanƙara ne, gashi kamar bargo, a zafin Maris wuni yake yana haki. Boerboel karen ƙofar gida ne. Ni dai Kangal, ba na ja da kowa.

Kada ka tura kafin alƙalami ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, don ka ga hoto kawai. Taka da ƙafarka ka ga uwar tana tare da 'ya'yanta. Mai kare da ya ce uwar tana wani gari, a haɗu a tasha, ka yi masa sallama.

Ni abin da ya ci ni ke nan. A kwali aka miƙo mini nawa na farko, wai makonsa 8, an yi masa allura. Kwana huɗu ya ƙi abinci, sai amai, sai gudawa da jini mai wani irin ƙarni da har yau ban manta ba. Likita ya buɗe bakinsa ya ce bai wuce mako 5 ba, kuma cutar parvo ce. Kuɗin ƙarin ruwa ya tafi, kwikwiyo ya bi. Abin haushi, ƙwayar cutar kan yi watanni a ƙasa, sai da na wanke ɗakin da bilic na kuma haƙura da kawo wani har tsawon lokaci.

Saboda haka ƙasa da mako 8 ba a ɗauka. Ka karɓi katin rigakafi ka duba: kwanan wata, takardar da aka ɓanɓaro daga jikin kwalbar allura aka manna, sa hannun likita da lambarsa. Kira lambar a gaban mai kare, ba rashin kunya ba ne. Allurar farko tsakanin mako 6 zuwa 8 ake yi, a maimaita duk bayan mako 3 ko 4 har ya kai mako 16, ta haukan kare kuma a wata 3. Kafin su cika kada ya taka inda wasu karnuka ke yawo. Asibitin dabbobi na Amakom na yin su.

Ɗaga leɓensa, dasashi ya zama ja-ja. In ya yi fari fat, tsutsar ciki ko kaska sun sha jininsa. Leƙa kunne da tsakanin yatsu. Sa a zagaya da uwar ka ga tafiyarta, don ciwon ƙugu gado ne a manyan karnuka. Bar wanda ya laɓe a lungu, bar mai cizon kowa, ɗauki wanda ya zo ya shinshine ka ya koma ya kwanta.

Daga nan kai shi turke kai tsaye, a ɗan keji kusa da tumaki masu sanyin hali, ya tashi da warinsu. In yara suka mai da shi abin wasa a tsakar gida, ƙofar ɗaki zai yi gadi. Abincin kwiyakwiyi na manyan iri za ka ba shi, kanzon tuwo ba ya gina wannan jiki, kuma kada ka cika shi da maganin ƙashi. Inuwa da ruwa kullum. Gadi na gaske sai ya doshi shekara 2, Layyar bana dai ka nemi mai gadi.