Yadda za ka yi da kwamfutarka bayan an daina kula da Windows 10

Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10. Kwamfutarka za ta ci gaba da kunnuwa kamar kullum, shi ya sa mutane da yawa ba su damu ba. Abin da ya tsaya shi ne gyaran da ake turowa duk wata don toshe kafofin da masu kutse ke bi. A watan Mayun 2017 muguwar manhajar nan WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har da na asibitocin Birtaniya, alhali tun watan Maris aka fitar da maganinta. Waɗanda gyaran bai isa kwamfutarsu ba su ne suka ji jiki.

Kafin komai, kwashe kayanka. Hotunan biki, takardun makaranta, lissafin shago, duk ka kwafe su a filash. Kada ka tsaya nan: zare filash ɗin, ka soka shi a wata kwamfutar, ka buɗe fayil biyu ko uku ka ga sun buɗe da idonka. Filashin jabu ya cika kasuwa, yana nuna ya karɓi kaya alhali bai riƙe komai ba.

Daga nan sai ka sauke manhajar PC Health Check daga shafin Microsoft, ita za ta gaya maka ko na'urarka za ta ɗauki Windows 11. Ana buƙatar RAM mai gigabait 4, ma'ajiya mai gigabait 64, da wani ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0. Inda galibi ake faɗuwa shi ne ƙwaƙwalwar kwamfutar, wato processor. Idan ta Intel ce, ana son ƙarni na 8 zuwa sama. Dubi lambarta: i5-8250U ƙarni na 8 ce, ta wuce, i5-6300U ƙarni na 6 ce, ba ta wuce ba. Tokumbo da yawa da ke hannun ɗalibai da masu shagon buga takardu irin ta biyun ce. Idan kuwa TPM kaɗai aka ce babu, wataƙila a kashe yake a cikin BIOS, wato saitunan da ake shiga kafin Windows ta tashi, mai gyara zai kunna maka.

In ta wuce, hawa Windows 11 kyauta ne. Jona caji, nemi intanet mai ƙarfi, ka bar ta ta gama.

In ba ta wuce ba, kada ka yi saurin jefar da ita. A 2025 Microsoft ya buɗe shirin ƙarin wa'adi mai suna ESU, wanda ya sanar zai riƙa turo gyaran tsaro har 13 ga Oktoba 2026, kan dala 30, ko kyauta ga wanda ya ajiye saitunansa a asusun Microsoft. Sharaɗin shi ne Windows 10 ɗinka ta zama samfurin 22H2. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta winver, za ka gani. Shirin ESU ɗan jinkiri ne kawai.

Ni dai na fi karkata ga Linux Mint, manhajar da ake sawa a madadin Windows. Kyauta ce, ba ta da nauyi, tana zuwa da Firefox na shiga intanet da LibreOffice na buga takardu, kuma kana iya gwada ta daga kan filash ba tare da ka goge komai ba. Sai dai CorelDRAW da Photoshop ba sa hawa kanta kai tsaye. Mai cin abinci da waɗannan gara ya zauna a kan Windows 10, ya raba kwamfutar da intanet, ya mayar da harkar banki da imel kan waya.

Wasu masu gyara za su ce za su cusa maka Windows 11 da dabara. Tana hawa, amma Microsoft ya ce bai lamunce wa irin wannan kwamfuta samun gyaran tsaro ba. Ban yarda a sa kuɗin mutum a kanta ba.

Idan kuma wata za ka saya, sa mai kaya ya kunna ta a gabanka, ka karanta lambar ƙwaƙwalwarta kafin ku fara ciniki.