Yadda ake gwajin fumfuna da ingancin iskar cikin gida ta hannun ƙwararru

Duk wanda ya taɓa buɗe ɗakin da aka kulle na 'yan kwanaki a tsakiyar markar watan Agusta ya san warin nan mai kama da na tsumman da ya kwana a jiƙe. Abin da aka saba yi shi ne uwargida ta ɗebo garwashi ta zuba turaren wuta, a rufe ƙofa, ƙamshi ya danne warin na yini ɗaya, kashegari ya dawo yadda yake. Warin nan na fumfuna ne, ita kuwa fumfuna ba ta tsira sai inda ruwa ya samu wurin zama. Wannan shi ne abin da nake so mai gida ya riƙe kafin ya biya kowa ko sisi: aikin ƙwararren da za a kira shi ne ya gano inda ruwan yake shigowa, lambobin da za a rubuto daga ɗakin gwaje-gwaje kuwa shaida ce kawai da ke taimaka masa.

Da farko a tsaya a duba ko ana ma bukatar gwajin. Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta bayyana cewa idan ana ganin fumfuna da ido, a mafi yawan lokuta ɗaukar samfur ba shi da wani amfani, domin ko wace iri ce maganinta ɗaya ne, wato a tsayar da ruwan, a cire abin da ya lalace. Hukumar ta kuma ce idan wurin da ta kama bai kai ƙafa 10 murabba'i ba, kimanin mita ɗaya tsawo da mita ɗaya faɗi, mai gida zai iya gyarawa da kansa. Saboda haka baƙin tabon da ke kusurwar banɗaki ba ya bukatar injin zuƙar iska. Akwai ma wani farin gari da ke fitowa a gindin bangon siminti yana kumbura fenti, wanda mutane da dama ke ɗauka fumfuna ne alhali gishirin ƙasa ne da danshi ya turo waje. A kankare shi kaɗan a zuba a ruwa. Idan ya narke gishiri ne, fumfuna ba ta narkewa. Duk da haka gishirin ma yana faɗa maka cewa bangon yana shan ruwa daga ƙasa.

Inda gwajin ƙwararru ke da amfani shi ne idan ana jin wari amma an rasa inda yake fitowa, ko idan wani a gidan yana fama da tari, atishawa, toshewar hanci ko tashin asma, kuma an lura yana samun sauƙi duk lokacin da ya kwana a wani wuri. Haka nan idan ana shirin sayen gida ko karɓar haya, ko ana jayayya tsakanin mai gida da ɗan haya ana bukatar hujja a rubuce, ko kuma bayan ambaliya. Waɗanda suka koma gidajensu a Maiduguri bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumba na 2024 sun san yadda bango ke riƙe ruwa makonni bayan tsakar gida ta bushe. Ƙa'idar da masana ke bi ita ce, abin da ya jiƙe ba a busar da shi cikin awa 24 zuwa 48 ba, a ɗauka fumfuna ta fara kama shi. Akwai kuma mutanen da bai kamata a yi jinkiri a kansu ba: mai shan maganin ciwon daji, wanda aka yi wa dashen ƙoda, mai ɗauke da ƙanjamau, da wanda ya warke daga tarin fuka, domin fumfunar da ake kira Aspergillus tana iya samun wurin zama a ramukan da tarin ya bari a huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan danshi da fumfuna a 2009, inda ta nuna cewa zama a gida mai danshi yana da alaƙa da ƙaruwar cututtukan numfashi da tsanantar asma.

Zaɓen mai gwajin shi ne wurin da aka fi yin asara. Kafin ya zo, a tambaye shi wane ɗakin gwaje-gwaje zai kai samfur, kuma ko ɗakin yana da shaidar ƙwarewa ta ISO/IEC 17025, wadda a Najeriya hukumar NiNAS ke bayar da irinta. A nemi ya nuna rahoton wani aiki da ya taɓa yi, bayan ya rufe sunan masu gidan. A tambaye shi ko zai ɗauki samfurin iskar waje. Idan ya ce ba dole ba ne, a sallame shi cikin mutunci. A ra'ayina kuma bai dace mai gwaji ya zama shi ne mai kwangilar gyaran ba, saboda wanda zai ci riba idan aka ce gida ya lalace ba shi ya kamata ya yanke hukuncin ba. A inda babu kamfanin da ya keɓanta da wannan aiki, ana iya neman shawarar jami'an lafiyar muhalli, waɗanda muka fi sani da dubagari, ko sashen nazarin ƙananan halittu na jami'a mafi kusa. Farantan nan da ake sayarwa a ce a buɗe su a ɗaki na awa guda a jira a ga abin da zai tsiro, kada a ɓata kuɗi a kansu. Ƙwayoyin irin fumfuna suna yawo a kowace iska, don haka kusan ko a ina aka ajiye farantin sai wani abu ya tsiro.

Lokacin da za a yi gwajin ma abin dubawa ne. Gidan da ke yoyo da damina zai iya fitowa tsaf idan aka gwada shi a watan Maris, bango ya bushe ƙayau, yayin da ƙurar hunturu kuma takan cika iskar ciki da ta waje har ta rufe abin da ake nema a samfurin. Idan matsalar ta damina ce, a yi gwajin da damina. Kwana ɗaya kafin zuwansa a rufe tagogi da ƙofofi gwargwadon yadda ya umarta, yawanci awa 12 zuwa 24, kada a yi shara, kada a kaɗe kafet, kada a kunna turare ko maganin sauro. Abu mafi muhimmanci, kada a goge tabon ko a shafa masa fenti don kunyar baƙo, domin shi ne abin da aka kira shi ya gani. A tanadi labarin gidan: yaushe rufin ya fara zuba, wane bango ne bututun banɗaki ya bi ta cikinsa, ko an taɓa yin ambaliya, wane ɗaki ne mai tarin yake kwana.

Ƙwararren kirki yakan shafe mafi yawan lokacinsa yana zagaye da tocila kafin ya taɓa injinsa. Zai fara daga waje, ya duba kwanon rufi da indararo, ya ga ko ruwan sama yana kwanciya a gindin gini, ya tambaya ko an shimfiɗa ledar hana danshi a kan harsashi kafin a ɗora bulo. A ciki zai leƙa saman silin, ƙarƙashin wurin wanke-wanke, bayan durowar kaya, ƙarƙashin katifar da aka shimfiɗa a ƙasa, da tiren da ruwan na'urar sanyaya ɗaki ke taruwa. Yana tafe da na'urar auna danshi mai ƙusoshi biyu da ake dannawa a bango ko katako, kuma ba ya gamsuwa da lamba ɗaya, sai ya gwama wurin da ake zargi da wani busasshen wuri a ɗakin. Katakon da danshinsa ya kai kusan kashi 20 cikin 100 yana cikin haɗari. Wasu suna da kyamarar da ke nuna zafi da sanyi. Ita wannan ba ruwa take gani ba, wurin da ya fi sanyi take nunawa, sai an tabbatar da na'urar danshi. Zai kuma auna laimar iska, wadda ake so ta tsaya ƙasa da kashi 60 cikin 100, mafi kyau tsakanin 30 da 50.

Na taɓa tsayawa ina kallo a wani gida inda aka yi wata uku ana zargin kafet, har aka ɗauke shi aka shanya a rana sau biyu. Da mai gwajin ya sa aka ja durowar kaya daga jikin bango, sai ga bayanta ya yi baƙi ƙirin da ɗigo-ɗigon kore, falankin ya yi laushi har yatsa na shiga. Na'urar danshi ta nuna bangon a jiƙe yake daga ƙasa zuwa kusan gwiwa, kuma a ɗaya gefen bangon nan banɗaki ne, inda wani bututu ke tsiyaya a hankali cikin siminti. Yaron da ke tari a kan gadon da ke kusa da durowar yake kwana.

Bayan wannan zagaye ne ake ɗaukar samfur. Na iska ana ɗaukarsa da ƙaramin inji da ke zuƙar iska ta cikin wani ɗan kwano mai danƙo a ciki, yawanci lita 15 a minti ɗaya na tsawon minti 5 zuwa 10, wato lita 75 zuwa 150, a ɗora shi a tsayin da mutum ke numfashi. Ana ɗauka a ɗakin da ake zargi, da wani ɗakin da ba a zargi, da kuma waje a rana ɗaya. Na jikin bango kuwa ana manna wata 'yar leda mai danƙo kamar salatif a kan tabon a ɗaga, ko a shafa auduga, ko a yanko ɗan guntun silin. Duba samfur a madubin ƙara girma yana ɗaukar kwana kaɗan, amma idan za a shuka shi a faranti don a tantance ainihin nau'in, sai an jira mako guda ko fiye. Idan aka yi maka tayin gwajin ƙura mai suna ERMI, wanda ke neman nau'i 36, ka sani cewa hukumar Amurkar da ta ƙirƙiro shi ta ce na bincike ne, ba ta ba da shawarar a yanke hukunci a kan gida da shi ba.

Tunda an riga an kira mai gwaji, a sa shi ya auna sauran abubuwan da ke cikin iska, domin a gidajenmu akwai abin da ya fi fumfuna saurin kisa. Iskar kabon monoksaid ba ta da launi ba ta da wari, tana fitowa daga janareta, da gawayin da ake shiga da shi ɗaki don jin ɗumi da hunturu, da risho. Janareta ya kamata ya yi nesa da ƙofa da taga da aƙalla mita 6, kuma kada a taɓa kunna shi a zaure ko baranda mai rufi. Gwajin awa ɗaya ba ya kama wannan iska idan injin a kashe yake, saboda haka a saya wa gida ƙararrawar da ke gano ta a rataye kusa da ɗakin kwana. Sai ƙananan ƙwayoyin hayaƙi da ake kira PM2.5, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 kada su wuce maikurogiram 15 a kubik mita a matsakaicin yini guda. Girkin itace a rufaffen madafi yana ninka wannan sau da yawa. Sababbin kujeru da durowar falanki kuma suna fitar da fomaldehaid mai sa ido yaji. Iskar kabon dayoksaid, wadda a waje take kusan 420 cikin miliyan, idan ta haura 1,000 a ɗakin kwana alama ce cewa iska ba ta shiga ta fita yadda ya kamata.

Idan rahoto ya zo, kada babbar lamba ta tsorata ka. Babu wata ƙayyadaddiyar iyaka da hukumomin lafiya suka amince cewa daga nan fumfunar iska ta zama haɗari, don haka ana karanta sakamakon ne ta hanyar gwama ciki da waje. Idan nau'o'in iri ɗaya ne kuma na ciki bai kai na waje yawa ba, galibi iskar waje ce ta shigo da su, kamar yadda fumfunar Cladosporium ke yi. Idan kuwa rukunin Aspergillus da Penicillium, waɗanda ake haɗa su a layi ɗaya saboda ƙwayoyinsu sun yi kama a madubi, ya ninka na waje nesa ba kusa ba, to akwai inda suke tsirowa a ciki. A nan a tuna da buhunan gyaɗa da masara da ake jibgewa a ɗaki, domin su kaɗai suna iya ɗaga wannan lamba. Ganin fumfunar Stachybotrys ko Chaetomium ko da kaɗan ne yana nuna wani abu ya daɗe a jiƙe. Rashin ganinsu kuma ba wanke gida ba ne, saboda ƙwayoyin Stachybotrys suna da danƙo, ba su cika tashi sama ba, kuma samfurin minti biyar hoton wannan lokacin ne kawai. Rahoton da ya cancanci kuɗinsa dole ya ƙunshi hotuna, da ma'aunin danshi na kowane wuri, da bayanin inda ruwan ke fitowa, da jerin abin da za a gyara. Shi kuma mara lafiya likita ne zai duba shi, a tafi masa da rahoton.

Gyara yana farawa ne da mai gyaran famfo ko mai rufi, kafin mai fenti. Abin da ke shan ruwa, kamar silin na kwali, kafet, katifa da falanki, idan fumfuna ta ratsa shi sai dai a fitar da shi a ɗaure cikin leda. Tayil, ƙarfe da siminti ana wanke su da ruwa da sabulu a busar sosai, mai aikin yana sanye da takunkumin N95 da safar hannu, yara da masu asma kuma suna nesa. Wanda zai yi amfani da bilic kada ya haɗa shi da wani sinadarin wanki, musamman mai amoniya, domin haɗin yana fitar da iska mai guba. Idan an gama, a sake kiran mai gwajin farko ya danna na'urarsa a wuraren da ya auna a baya, kuma kada a shafa fenti ko a mayar da durowa jikin bango sai lambar ta yi daidai da ta busasshen bangon da ke ɗaya gefen ɗakin.