Darasi na Bakwai: Allurar Penta

Idan mai jego ta yi arba'in, saura kwana biyu jaririnta ya cika mako 6. A nan ne ake kai shi asibiti a yi masa allurar Penta ta farko. Ta biyu sai ya kai mako 10, ta uku kuma mako 14. A cinya ake yin ta, kuma kyauta ce a asibitin gwamnati. Tun shekarar 2012 aka fara amfani da ita a Najeriya.

Allura ɗaya ce, amma rigakafin cuta biyar aka haɗa a cikinta: mashaƙo, tarin shiƙa, sarƙewar haƙora, ciwon hanta, da wata ƙwayar cuta mai kawo sanƙarau da ciwon huhu ga ƙananan yara. Haɗa su da aka yi ya rage wa jariri yawan suka, ya kuma rage wa uwa zirga-zirga.

Mu tsaya a kan mashaƙo. Yakan fara kamar mura, da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro. Bayan kwana biyu ko uku sai wani abu mai launin toka ya yaɓe a maƙogwaron yaro, wuya ya kumbura, haɗiya ta gagara, numfashi ya riƙa fita da ƙara. Gubar cutar kan taɓa har zuciya. A 2023 mashaƙo ya bazu a jihohin Arewa, ya fi tsanani a Kano, kuma yawancin yaran da suka kamu ba a kammala musu allurarsu ba.

Wata uwar za ta ce, "Ai masu rigakafi sun zo har gida sun ɗiga masa." Wancan ɗigon na shan-inna ne, ba ya hana mashaƙo. Penta sai an je asibiti, kuma sai an cika uku. Ta farko kaɗai ba ta isa ba.

Bayan allura jikin jariri kan yi zafi, cinyar ta ɗan kumbura, ya yi ta rigima. Kwana ɗaya ko biyu yake wucewa. A ci gaba da ba shi nono, kada a murza wurin. In zazzaɓin ya yi tsanani ko ya yi jijjiga, a koma asibiti nan take.

Wadda ta tafi wankan gida ta tafi da katin rigakafi, a yi a asibitin garin iyayenta. In ma an makara, ba a sake farawa, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Maigida, kuɗin mota da izinin fita naka ne.

Aiki

1. Rubuta sunayen cututtuka uku da Penta ke karewa.
2. An haifi jariri ranar Litinin, 1 ga Janairu. Wace rana zai cika mako 6?
3. Ɗauko katin ɗanka ko na jikanki. Nemo inda aka rubuta Penta, ka ƙirga sau nawa aka cike.