Kurakuran da mazauna jiragen ruwa a Ingila ke yi idan sanyi ya shigo

A Ingila akwai mutanen da ba su da wani gida sai ɗan siririn jirgin ruwa, mai faɗin mita 2 da ɗan ɗoriya, a kan hanyoyin ruwan da aka haƙa tun zamanin dakon kwal, irin su Grand Union da ta haɗa Landan da Birmingham. Lokacin zafi zaman akwai daɗi. Amma da Nuwamba ta kama, aka ɗaure jirgi wuri guda, nan ake gane sabon shiga.

Kuskuren da ya fi tayar min da hankali shi ne toshe kafofin iska. Jikin jirgin ƙarfe ne, sanyi na ratsa shi, sai mutum ya ga iska na shigowa ta 'yan ramukan da ke jikin ƙofa da kan rufi, ya samu tsumma ya cusa. Ga murhun kwal na ci, ga gas na girki. Iskar kabon monoksaid, gubar da wutar ke fitarwa, ba ta da launi, ba ta da wari. Ciwon kai ne da jiri, daga nan sai barcin da ba a tashi. Wanda ya san abin da kaskon gawayi ke yi a rufaffen ɗaki da hunturu ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ramukan nan da gangan aka yi su, a bar su a buɗe komai sanyi. Tun Afrilun 2019 tsarin duba lafiyar jiragen ruwa na Boat Safety Scheme ya wajabta sa na'urar da ke ƙara idan iskar ta taru, to a riƙa danna maɓallinta ana gwadawa. Tokar da aka kwashe ma ba a barinta a bakin ƙofa, domin garwashin cikinta na ci gaba da fitar da gubar. A zuba ta a bokitin ƙarfe mai murfi, a fitar da ita daga jirgin. A guji ɗanyen itace, shi ke toshe bututun hayaƙi.

Rufe ko'ina ɗin nan shi ke jawo danshi kuma. Gari na wayewa ka ga ruwa na gangarowa a gilashin taga, ka ɗaga katifa ka tarar ƙasanta sharkaf, har fumfuna ta fara. Wasu sai su ɗauka jirgin ne ke yoyo, alhali numfashinsu ne da tururin tukunya da kayan da suka shanya a ciki. A goge tagogi kullum, a ɗan buɗe ɗaya lokacin girki, a jingine katifar ta sha iska.

Sai masu jira tanki ya ƙafe kafin su nemi ruwa. Famfunan bakin hanya kan daskare, ƙanƙara kuma ta hana jirgi motsi. A cika tanki da zarar an ji hasashen sanyi mai tsanani, a ajiye jarka biyu, a tsiyaye tiyo bayan an gama.

Sola ba abin dogaro ba ce a Disamba, watan da rana ke faɗuwa a Landan kafin ƙarfe 4. Batir mai ruwa yana saurin mutuwa idan ana yawan zuƙe shi ƙasa da rabi, don haka a tayar da inji da rana a yi caji. Ƙa'idar Canal & River Trust, wadda ke kula da hanyoyin tun 2012, ta hana kunna inji a tsaye daga 8 na dare zuwa 8 na safe.

Wanda ba shi da matsaya ta dindindin, sanyi bai ɗauke masa dokar matsawa bayan kwana 14 ba, sai in ya biya kuɗin matsayar hunturu. Idan ƙanƙara ta rufe ruwa, kada ya ce sai ya kutsa: za ta kankare kwaltar da ke kare ƙarfen jirgin daga tsatsa, ta kuma bugi jiragen maƙwabta. Ya sanar da hukumar, ya jira ta narke.