Sabon zuwa Landan, ka koyi karanta allunan titi kafin ka taɓa sitiyari

A watan jiya kaɗai samari uku suka zo mini da wasiƙar tara, kowa na rantsuwa bai ga komai ba. Na yarda da su, don ni ma haka na rantse a shekarata ta farko. Mun taso inda ake kwatance da gidan mai da masallaci da bishiyar kuka, in ka ɓata ka tsaya wurin mai shayi ya nuna maka hanya. A nan ba mai shayi a bakin titi, allo ne ke magana, kuma hukuma ta ɗauka ka ji shi tun da ta kafa shi.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa ba zai ba ka wuya ba. Duk inda ka ga jan zobe da shuɗin sanda a tsakiya, tasha ce. Haruffan da ke kai Edward Johnston ne ya zana su a 1916, taswirar layuka kuma ta Harry Beck ce, ta fito a 1933. Bi launin layinka kawai. Wajen tsallaka titi, dubi ƙasa, an rubuta maka ɓangaren da za ka duba, don motoci hagu suke bi. Adireshi kuwa kada ka karɓa babu lambar unguwa, wato haruffa da lambobin nan irin SE15 ko E7 da ke jikin allon sunan titi, domin suna ɗaya na iya maimaituwa a unguwanni da yawa.

Inda ake shan wuya shi ne tuƙi. Lasisinka na gida zai yi maka wata 12, shi ya sa yaranmu ke sayen mota da wuri, alhali ba su san yaren titin ba. Allunan hanyar Birtaniya Jock Kinneir da Margaret Calvert ne suka tsara su, aka fara aiki da su a duk ƙasar a 1965. Sun haɗa manyan baƙaƙe da ƙanana saboda ido ya fi saurin gane siffar kalma a guje. Siffar allon ma magana ce: da'ira umarni, mai kusurwa uku gargaɗi, mai kusurwa huɗu bayani. Jan da'ira hani ne, shuɗiya kuma tilas ce. Lambar da ke cikin jan da'ira mil ce, ba kilomita ba, 30 ɗin nan kusan kilomita 48 ke nan, kuma unguwanni da yawa yanzu 20 ne.

Ni layin rawaya ne ya ci ni. Layi biyu a gefen titi kowa ya sani, ba a ajiye mota ko da yaushe. Layi ɗaya shi ne tarkon, domin yana hani a wasu sa'o'i ne kawai, kuma ɗan ƙaramin allo a kan sanda ke faɗin lokacin. Wata Juma'a na makara, liman ya hau mumbari, na sami wuri a kan layi ɗaya. Na duba gaba, na duba baya, babu allo, na ce Alhamdu lillahi na kulle mota. Na fito na tarar da takardar tara cikin ledar rawaya manne a gilashi. Na rubuta ƙorafi cewa ba a sa allo ba. Amsar da ta zo ta ce an sa, tun a mashigar unguwar, babban allo da ke faɗin sa'o'in hani na dukan titunan da ke ciki, kuma ba dole a maimaita shi a kowane lungu ba. Na koma da ƙafa na same shi, ga shi tsaye ƙiri-ƙiri, na wuce shi ina sauri. Kuɗin cefanen mako ne ya tafi, lokacin iyalina ba su daɗe da isowa ba. Har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Jan layi ya fi wannan tsanani, a manyan hanyoyi yake, ko tsayawa sauke fasinja ba a yi, tarar ta kai fam 160. Akwatin rawaya da aka zana a mahaɗa kada ka shige shi sai ka ga gabanka a buɗe. Layin bas ma yana da allonsa mai sa'o'i. Farar C cikin jan da'ira na nufin ka shiga tsakiyar gari inda ake biyan kuɗin cunkoso, tsarin da aka fara a 2003. Tun Agustan 2023 kuma tsohuwar mota mai hayaƙi na biyan fam 12.50 kullum a duk faɗin Landan. Ba ɗan sandan da zai tare ka balle ka ba shi haƙuri, kyamara ce ke ɗauka, wasiƙa ta biyo ka gida.

Abin da ke ba ni haushi shi ne mai ɓoye wasiƙar a aljihu don kunya. Mafi yawan tarar nan rabi ake biya in an biya cikin kwana 14, in ka bari kuma ƙaruwa take. Jama'armu a garin nan akwai direbobin bas da na tasi da suka shekara ashirin a kan titunan nan, kuma ban taɓa ganin wanda ya ƙi duba wa ɗan'uwa takarda ba. Ka kawo ta bayan sallar Juma'a a karanta tare, in akwai hujjar ƙorafi a taya ka rubutawa, in babu ka biya kafin wa'adin ya cika.