Yadda Zaka Ƙara Wa RX-7 Ƙarfi A Katsina Ba Tare Da Ka Buga Injin Ba

Toh ɗan uwa, in Allah Ya haɗa ka da Mazda RX-7, musamman ƙirar FD da aka yi tsakanin 1992 da 2002, kuma ranka ya biya ka ƙara mata wuta, ka fara ajiye maganar ƙara bust (matsin iskar da tobo ke cusa wa injin) a gefe, ita ce ta ƙarshe. Injin 13B-REW ba irin na Corolla bane da kowane gareji ya haddace, babu fistin babu bawul, rota biyu ne masu kusurwa uku ke juyawa a ciki, kowanne cc 654, duka-duka lita 1.3, amma da tobo biyu ta fito da ƙarfin doki 255, na Japan daga 1999 har 280. Irin wannan injin ana ce mai rotari, asalinshi ƙirar Bajamushe Felix Wankel ce, Mazda ce ta riƙe ta da gaske har ta ci tseren Le Mans a 1991 da 787B mai rota huɗu.

Ran injin nan yana wajen apeks sil, wasu siraran ƙarafuna ne masu kaurin milimita 2 a bakin kowace kusurwa ta rota. Injin fistin in ya yi nokin, wato mai ya fashe a ciki ba bisa ƙa'ida ba, zaka ji ƙara ka ɗaga ƙafa a wuce wurin, shi kuwa rotari sau ɗaya mai ya yi ƙaranci ko ya kama da wuri kana cikin bust, sil ya tsage, ɓarɓashin ya karce gidan rota ya fita ta salansa ya tafi da fankar tobo. Zafi da mugun mai ke kawo haka, mu kuma nan duka biyun muna dasu ba ƙarya.

Don haka fara da gwajin kwamfireshan, injin na da zafi. Kowace rota fuska uku gareta, kana son bugu uku masu ƙarfi daidai da juna a rotar gaba da ta baya. In kaga ɗaya sama biyu ƙasa, sil ya riga ya tafi, kuɗin tobon nan naka na buɗe injin ne kawai.

Sai sanyaya, nan ne zaka fi kashe kuɗi kuma wlh nan ya fi cancanta. A Afrilu da Mayu garin nan yana wuce digiri 40, mota kuma tun a ƙasashe masu sanyi an santa da ɗaukar zafi. Cire lagireton asali mai kan roba ka sa na alminiyam mai kauri, ka canza ƙaramin tankin nan mai raba iska da ruwa, shima roba ne, yana tsufa ya fashe ba sallama. Ka toshe gefe-gefen lagireto da soso ko faranti yadda iska dole ta bi ta cikinshi ba ta zagaye ba. In taka mai kula ɗaya ce, wato abin sanyaya baƙin mai, ƙara ta biyu, don rotari da baƙin mai yake sanyaya cikin rota. Kuma don Allah kar ka bari bakanike ya ce ai a Najeriya cire tamostat ake a zuba ruwan rijiya, sa sabo, ka zuba kulan (ruwan sanyaya inji) na gaske, zafi ɗaya mai kyau ya isa ya ƙona robobin ruwa na tsakanin gidajen injin. Lokacin hunturu kuma ƙura kan toshe haƙoran lagireto da intakula (mai sanyaya iskar tobo), a riƙa hure su, fita mai tace iska ma a riƙa dubawa akai-akai.

Ƙarƙashin manifol akwai tarin ƙananan tiyo da solinoyid masu sarrafa tobo biyun, na farko ya kama tun ƙasa, na biyu ya shigo wajen juyi 4,500 a minti. Roba mai shekara talatin ta gama bushewa, canza su duka zuwa silikon, ɗaya bayan ɗaya kana ɗaukar hoto, in ka tuge su gaba ɗaya sai dai Allah Ya kyauta. Sa gejin bust, lafiyayya zata nuna maka psi 10, ta faɗo 8 lokacin da na biyu ke shiga, ta koma 10.

Yanzu mai. Nozul na asali cc 550 ne na farko da 850 na biyu, a kai su wanki a gwada, a sa sabon famfon mai mai ƙarfi irin Walbro 255 da sabuwar fita, manyan nozul sai ka tashi wuce bust na asali. An ƙera motar don mai mai oktan sama, mu kuma kala ɗaya ake sayar mana, na jarkar 'yan bumburutu kam ko kusa kar ta gani. Shi yasa ni a nan nake ganin na'urar fesa ruwa da metanol ta fi sabon tobo amfani, tana sanyaya iska tana hana nokin. Masu rotari da yawa kuma suna zuba man tu-sitirok a tanki, wajen mililita 4 zuwa 8 a kowace lita, don sil ya samu maiƙo. Fulogi huɗu ne, NGK lamba 7 a ƙasa lamba 9 a sama, in ka ƙara ƙarfi mayar da su 9 duka.

Kafin ka taɓa salansa sayi burenbos, wato kwamfutar injin, da ake iya tunin (sake mata saiti), Apexi Power FC ko Haltech, tare da na'urar auna cakuɗar iska da mai, a cikin bust kana son ta tsaya wajen 11, wato kashi 11 na iska kashi 1 na mai. Dalili shine da ka buɗe salansa tun daga bakin tobo har baya, bust kan hau da kanshi don ƙofar westget mai karkatar da rarar hayaƙi daga tobo ta yi ƙanƙanta sai an faɗaɗa ta, burenbos na asali kuma baya auna yawan iskar da ta ƙaru, taswirar kamfani kawai yake bi. Da yawa a nan suke rasa injin, ƙara ta yi daɗi sati ɗaya shikenan.

Bayan duk wannan da babban intakula ne zaka ɗaga bust, kaɗan-kaɗan, da manmu ni ba zan wuce psi 12 ba. Tobo biyun asali suna ƙarewa wajen doki 350 a taya, in kana son fiye sai tobo ɗaya babba irin BorgWarner EFR 8374, da faɗaɗa kafofin shigar iska na injin, da kuloci mai ƙarfi. Birki da taya kuma tun kafin nan ya kamata an gama dasu.

Tunin ɗin ka nemi wanda ya san rotari ko da daga nesa ne kana tura mai bayanan kwamfuta ta intanet, kuma a yi shi da tsakar rana da irin man da zaka riƙa sha, ba da sanyin asuba ba. Kayan kuwa kar ka ɓata ƙafa zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano neman apeks sil, oda zaka yi daga Amurka ko Japan, ka haɗa da fulogi saiti biyu a tafiya ɗaya.